Anti, Kullum A Mafarki Ina Goye Da Jariri

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Masu bibiyar wannan fili, barkanmu da sake saduwa. Na so a ce maganar yaye muka yi wannan makon, amma da na zauna duba saƙonninku bayan sallar isha'i, sai na tarar da yawansu a kan abu ɗaya suke, wato mafarki. Wata ta haihu a mafarki alhali ba ta da ciki, wata cikin gare ta amma abin da take gani da dare ya hana ta sakewa, wata kuma bikinta ne ya matso. Na zaɓi biyar. Kamar yadda muka saba, na cire sunaye na bar unguwa kawai. Kun dai sani ni ba mai fassara mafarki ba ce. Ungozoma ce, na yi shekara 31 ina karɓar haihuwa a nan Kaduna kafin in ajiye aiki, ɗan abin da na sani na addini kuma a gaban malamanmu na Islamiyyar matan aure na same shi.

Tambaya: Anti, ina yi miki fatan alheri. Shekarata 27, shekara huɗu ke nan da aurena, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Tun bayan Babbar Sallah nake wani irin mafarki da ya fi ƙarfina. Sai in gan ni da tsohon ciki, har motsinsa ina ji. Wani daren in ga na haihu, ana ta ɗora ruwan zafi, ƙannen mijina suna guɗa. Wani daren kuma ina goye da yarinya, ina jin ɗuminta a bayana, ina tafiya a bakin kogi, sai in kai hannu in shafa in ji majanyi ne kawai, babu kowa. Sau da yawa shayarwa nake yi a mafarkin, in farka in tarar gaban rigata ya ɗan jiƙe. Na gaya wa uwar mijina, ta kai ni wurin wani mai magani, ya ce namijin dare ne ya aure ni, a can nake haihuwa, shi ya sa ba na haihuwa a nan. Ya ba ni hayaƙi da turare da wani abin matsi. Kuɗin adashina duk sun tafi a can, mafarkin kuma bai daina ba. Yanzu da magariba ta yi gabana ke soma faɗuwa. Anti, da gaske ina da 'ya'ya a wani wuri? Daga 'yarki a Rigasa.

Amsa: 'Yata, sau uku na karanta saƙonki. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don na san ita ce take cin ki a rai. A'a, ba ki da 'ya'ya a wani wuri. Ba na musun samuwar aljanu, sura guda ce a Alƙur'ani da sunansu. Amma mutumin da zai kalle ki ya ce ya san an ɗaura miki aure a can har kin haihu, ki tambaye shi a wace aya ya gani, ko a wane hadisi. Gaibu yake da'awar sani, kuma da kuɗinki yake yin da'awar.

Abin da ya tabbata daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a cikin Bukhari da Muslim ta hanyar Abu Huraira, shi ne mafarki iri uku ne: akwai nagari wanda bushara ce daga Allah, akwai na tsoratarwa da baƙanta rai daga Shaiɗan, akwai kuma wanda zancen zuci ne, abin da mutum ya wuni yana saƙawa a ransa. Mutanenmu sun riƙe na farko da na biyu, na ukun nan kuwa kamar ba su taɓa jin sa ba, alhali shi ne ya fi yawa. Ko a Suratu Yusuf, da sarkin Masar ya ga shanu bakwai masu ƙiba ramammu bakwai na cinye su, abin da fadawansa suka fara cewa shi ne yamutsattsun mafarkai ne. Sun yi kuskure a wannan karon, amma kalmar tana nuna tun can an san akwai mafarkin da tarkace ne kawai.

To ki dubi wuninki. A Rigasa akwai makon da zai wuce ba a yi suna a layinku ba? Ki je barka, a miƙo miki jariri, wata ta ce "saura naki," wata ta ce "har yanzu shiru?" Ki shiga gidan surukai, a kalli cikinki kafin a kalli fuskarki. Wata ya zagayo ki ga jini, ki shige banɗaki ki yi kukanki ki wanke ido ki fito ki ɗora girki. Shekara huɗu kina haka. Zuciyar da ta wuni da goyo a cikinta, me kike so ta gani idan aka kashe fitila? Majanyin nan da kike shafawa ki ji wayam, ai shi ne abin da kike ji duk wata.

Dalilin da ya sa kike ganin abin tar kamar a farke kuwa, yana cikin yadda Allah ya tsara barci. Barci hawa-hawa ne, yana zagayawa kusan duk minti 90, sau huɗu zuwa shida a dare. A kowane zagaye akwai wani mataki da ƙwayar ido ke kai-komo da sauri a ƙarƙashin fatar ido, ƙwaƙwalwa na aiki kamar ta wanda yake farke, gaɓoɓi kuma a sake kamar an zare musu laka. Wani malami da ɗalibinsa ne suka gano wannan a Jami'ar Shikago ta Amurka a 1953. A wannan matakin ake yin mafarkin da ya fi fitowa fili, har da ƙanshi da ɗumi da sauti, kuma matakin ya fi tsawo a ƙarshen dare. Shi ya sa mafarkin gab da asuba ya fi zama a kai. Kowa na yin mafarki kullum, amma wanda ya farka a tsakiyarsa ne yake tuna shi. Mai damuwa kuwa barcinta a gutsure yake, ta farka nan ta farka can, duk farkawa kuma da guntun mafarki a hannu. Yanzu da aka ƙara miki tsoron namijin dare, barcin ya ƙara gutsurewa, mafarkin ya ƙara yawa. Kin ga maganin nasa ciwon ya ƙara miki. Wannan sakin gaɓoɓin ne ma, idan hankali ya riga jiki farkawa, mutum ke jin an danne shi ya kasa motsi ya kasa magana, abin da muke kira dannau.

Ba daga nesa nake gaya miki wannan ba. Shekara shida na yi a gidan mijina kafin in ga ɗan kaina. Da rana in karɓi haihuwar wasu, wani lokaci biyar a wuni guda, in goge su in naɗe in miƙa, da yamma in hau mota in koma ɗakina shiru. Akwai mafarkin da ya daɗe yana zuwar min. Ina ɗakin haihuwa, na karɓi yaro, na ɗaure cibiya na yanke, na juya zan miƙa wa uwar sai in ga gadon babu kowa, wata murya ta ce ai naki ne. In farka hannuwana a lanƙwashe kamar mai rungume da abu. Ni ma an kai ni wurin wani mutum, da takardar shaidar aikina da komai, ya ce a yanka baƙin akuya, aka yanka. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, don haka ban ga wautarki ba, kuma ban ga laifin uwar mijinki ba, abin da ta sani ke nan. Ba kuma ina cewa labarinki zai ƙare kamar nawa ba ne. Allah ya faɗa a Suratus Shura, aya ta 49 da ta 50, yana ba wanda ya so mata, yana ba wanda ya so maza, ko ya haɗa masa, yana kuma barin wanda ya so ba haihuwa. Namu shi ne neman magani ta inda ya halatta.

Yanzu ki saurara da kyau, don a duk saƙonki akwai layi ɗaya da ya fi tsaya min a rai, kuma ba na mafarkin ba ne. Kin ce gaban rigarki na jiƙewa. Zai iya zama gumi. Amma gobe da rana, idonki biyu, ki wanke hannu ki ɗan matsa kan nonon a hankali. Idan wani ruwa fari-fari kamar nono ya fito, alhali ba ciki ba goyo, to wannan alama ce da likitocin mata suka sani sarai. Akwai wani sinadari mai suna furolaktin, wata 'yar ƙaramar halitta a gindin ƙwaƙwalwa ce ke fitar da shi, aikinsa kawo ruwan nono ga mai jego. Idan ya yi yawa a jikin wadda ba ta shayarwa, sai ya kawo nonon, ya rikita al'ada, ya hana ƙwai fita. Jikin sai ya ɗauka goyo gare ki, ya ƙi ɗaukar ciki. Wasu magungunan amai da na ƙwaƙwalwa na jawo shi, raunin aikin maƙoƙo na jawo shi, wani lokaci kuma ɗan ƙari ne marar illa a wannan halittar. Da gwajin jini ake ganewa, kuma galibi da ƙwaya ake maganinsa. Na ga matan da aka yi shekaru ana yi musu hayaƙi, ashe wannan ne. Ban ce lallai shi ke damunki ba, ban duba ki ba. Amma ya isa dalilin zuwa asibiti a wannan makon. Idan kuma ruwan da jini-jini ne, ko daga nono ɗaya kawai, ko kin ji kulluwa a ciki, kada ki kwana biyu ba ki je ba.

Ki fara sayen tsinken gwajin ciki a kemis ki gwada da fitsarin safe. Daga nan ki nufi sashen mata a Asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada, tunda ya fi miki kusa, ko Barau Dikko. Idan abin ya buƙaci gaba, su za su tura ki asibitin koyarwa da ke Shika, Zariya. Ki tafi da lissafin al'adarki na watannin baya, ki kuma faɗi duk abin da kika sha da wanda kika matsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin matsin nan ki daina daga yau, don na ga yadda irinsa ke ƙona gaba ya kawo ciwon sanyi, ciwon sanyi kuma ya toshe hanyar ƙwai.

Kuma ba ke kaɗai za ki je ba. Ban ga inda kika ambaci an gwada maigidanki ba. A ƙa'idar likitoci, shekara guda ana tare ba tsari ba ciki, to miji da mata duka ake dubawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kusan mutum ɗaya cikin shida na gamuwa da jinkirin haihuwa a rayuwarsa, kuma a kusan rabin irin waɗannan gidaje akwai hannun ɓangaren namiji. Gwajinsa ma ya fi naki sauƙi da arha, maniyyi ne zai bayar bayan hutun 'yan kwanaki. Ki zaɓi lokacin da yake cikin nishaɗi, ku biyu kawai, ki ce likita ya ce tare yake son ganinku.

Da dare kuwa ki yi wa kanki ruƙiyyar da ba a biyan ko sisi. Alwala, Ayatul Kursiyyu, ayoyi biyun ƙarshen Baƙara, sannan Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi ki tofa a tafin hannu ki shafe jikinki sau uku, kamar yadda Nana A'isha ta ce Annabi na yi.

Tambaya: Anti, cikina na fari ne, wata takwas. Mafarkaina sun zama abin tsoro. Na yi mafarki na haifi kyanwa. Na yi mafarki jaririn ya fito da haƙora cike da baki har ya gaishe ni. Jiya kuma na gan ni a Kasuwar Barci, na sauka daga Keke na manta shi a kan kujera, ina ta gudu ina ihu ba wanda ya kula ni. Maƙwabciyata ta ce irin wannan alama ce yaron ba zai zo daidai ba. Daga Unguwar Dosa.

Amsa: 'Yata, da a ce bencin awo na magana, da ya ba ki labarin irin naki har ki gaji. Na ji wadda ta haifi kifi, na ji wadda ta haifi ƙwarya, na ji wadda jaririnta ya tashi ya kama hanyar makaranta tun cibiya ba ta faɗi ba. Da hannuna na karɓi haihuwar da yawa daga cikinsu, yara lafiyayyu. Mafarki ba ya nuna surar abin da ke ciki, ba ya kuma faɗin mace ce ko namiji. Hoton ciki ne ke nuna wannan, daga wajen wata na biyar.

Mai tsohon ciki ba ta samun barci mai ɗorewa. Fitsari ya tashe ki, ƙwannafi ya tashe ki, yaro ya yi shuri, baya ya riƙe, ga zafi idan an ɗauke wuta. Kamar yadda na gaya wa 'yar uwarki ta Rigasa, duk farkawa da mafarkinta take zuwa. Abin da ke cikin mafarkin kuma tsoron sabuwar uwa ne, ba wani abu ba: yaya zai fito, zan iya kula da shi kuwa? Wadda ta yi mafarkin ta manta ɗanta a Keke, ai wadda ta damu da ɗan ce. Ina ma gaya miki tun yanzu don kada ki firgita: bayan haihuwa mata da yawa kan zabura cikin dare suna lalube a cikin zanin gado, wai jariri ya ɓace a ciki, alhali yana kwance lafiya a wurinsa. Masu binciken barci a Montiriyal ta Kanada sun yi rubutu a kan wannan a 2007.

Ki ci abincin dare da wuri, ki rage yaji da maiƙo, ki bar shayi mai ƙarfi da goro da lemon kwalba mai baƙi idan yamma ta yi. Ki kwanta a gefe, filo tsakanin gwiwoyi, cikin gidan sauro. Idan mafarkin ya zo tare da zafin jiki, a gwada miki zazzaɓin cizon sauro, don zazzaɓi na rikita mafarki, kuma ga mai ciki ba abin wasa ba ne.

Alamomin da nake so ki ji tsoro a farke ake ganinsu: jini, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, fashewar ruwa kafin lokaci, ko yaro ya rage motsi. Ko ɗaya kika gani, asibiti, ko da ƙarfe biyun dare ne. Kada ki tsallake ranar awo.

Sai maganar maƙwabciya. Annabi ya koyar da cewa wanda ya ga abin ƙi a mafarki ya yi tofi ta hagunsa sau uku, ya nemi tsarin Allah daga Shaiɗan da sharrin abin da ya gani, ya juya kwanciya, kada ya gaya wa kowa, ba zai cuce shi ba. A Sahihu Muslim wani mutum ya zo ya ce ya yi mafarki an sare masa kai, Annabi ya hana shi ba mutane labarin wasan da Shaiɗan ya yi da shi a barci. Ki ci gaba da gaisawa da ita, amma mafarkinki ya daina shiga gidanta.

Tambaya: Hajiya, matata ta yi mafarki na ƙara aure, har ta ga ana jere a ɗakin da ke kallon nata. Yau kwana huɗu da ƙyar take amsa gaisuwata. Wallahi ba ni da wannan niyya. Daga Kakuri.

Amsa: Ɗana, kada ka yi mata dariya, kada kuma ka yi fushi. Mafarki na wucewa ya bar zafinsa a ƙirji kamar abin ya faru. Ba daidai ba ne ta hukunta ka a kan abin da ba ka yi ba, wannan kam ka gaya mata inji ni. Amma ka binciki kanka. Kana yi mata barkwancin kishiya? 'Yan uwanka na yi a gabanta? Ka soma daɗewa a waje, ko kifa waya idan ta shigo? Ka zaunar da ita ka tambaye ta me ta gani a farke, ka bari ta gama magana kafin ka rantse.

Tambaya: Anti, saura mako biyar bikina. Na yi istihara dare bakwai. Sai na yi mafarki an kai ni, an yi buɗar kai, na ɗaga ido na ga ango ba shi da fuska. Wani daren kuma na ga taron bikin kowa da fararen kaya, ba kiɗa ba guɗa. Kakata ta ce mafarkin biki makoki ne. Ƙawayena sun ce istiharar ce ta nuna in fasa. Daga Malali.

Amsa: 'Yata, addu'ar istihara tana cikin Bukhari, Jabir ɗan Abdullahi ne ya ruwaito ta, kuma babu maganar mafarki a cikinta ko kaɗan. Raka'a biyu ce ta nafila, sai ki roƙi Allah: idan al'amarin alheri ne gare ki a addininki da rayuwarki da ƙarshen lamarinki, ya ƙaddara miki shi, ya sauƙaƙe, ya sa albarka, idan sharri ne ya kawar da shi daga gare ki, ya kawar da ke daga gare shi. Amsar tana cikin sauƙaƙewar ko kawarwar. Wadda ta kwanta dare bakwai tana dakon mafarki kuwa dole ta yi mafarki.

Kakarki ina girmama ta, tawa ma haka take cewa, Allah ya jiƙanta. Amma ajali na cikin abin da Allah ya keɓe wa kansa sani, ƙarshen Suratu Luƙman ya ce ba ran da ya san a wace ƙasa zai mutu. An ruwaito cewa an tambayi Imamu Malik ko kowa ma zai iya fassara mafarki, sai ya ce, da annabci ake wasa? Ƙawayenki su ji wannan.

Amaryar da ke fama da tela da anko da kayan ɗaki, ga tunanin barin ɗakin uwa, ba mamaki ta ga abin da kika gani. Amma angon nan marar fuska ya sa zan yi miki tambaya, ki amsa wa kanki tsakaninki da Allah. Kin san shi kuwa? Iyayenki maza sun je unguwarsu sun yi bincike, sallarsa, sana'arsa, abokansa, yadda yake da mahaifiyarsa? Kin taɓa ganin fushinsa? Akwai abin da kika gani ko kika ji, kika danne don an riga an kawo lefe? Ke kike so, ko kunyar iyaye ce? Idan akwai wani abu, kada ki fake da mafarki, ki sami mahaifiyarki ko gwaggonki ki faɗe shi da sunansa, mako biyar ya isa. Idan babu, ki yi bisimilla ki ci gaba da shirinki. Abu ɗaya da zan ce a tsaya a kansa ko da an raba katin gayyata shi ne gwajin jini. Idan ke AS ce shi ma AS, kowane ciki kika ɗauka akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da sikila. A haɗa da gwajin ciwon hanta da na ƙanjamau, a asibitin da kuka yarda da shi, kowa ya ga takardar ɗan uwansa.

Tambaya: Anti, bara na haifi ɗa namiji, ya kwana biyu ya koma. Har yau ina mafarkinsa, kuma girma yake yi a mafarkin. Na gan shi yana zama, na gan shi yana rarrafe, shekaranjiya ya kama gefen gado ya miƙe. Ina farkawa da murna, sai kuma kuka. An ce in daina zancensa, wai rashin tawakkali ne. Daga Badarawa.

Amsa: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa mai ceto ne, 'yata, ya ba ki mai albarka a bayansa.

Wannan ba rashin tawakkali ba ne. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah yake barin duniya, Annabi ya ɗauke shi, idanunsa na zubar da hawaye, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Zuciyar uwa ba ta daina ƙirga watanni don an kai yaro makwanci. Kin san watan da ya kamata ya zauna, kin san watan rarrafe, kina ganin sa'o'insa a bayan iyayensu. Lissafin nan ne yake fito miki da dare.

Akwai wani dogon hadisi a Bukhari, na Samura ɗan Jundub, kuma shi ma mafarki ne, mafarkin Annabi, wanda gaskiya ne. Aka kai shi wani lambu kore shar, ya ga wani dogon mutum, kewaye da shi yara masu yawan da bai taɓa ganin irinsa ba. Aka ce masa mutumin Annabi Ibrahim ne, yaran kuma su ne duk waɗanda suka rasu a kan fiɗira, wato tsarkin asali da ake haihuwar kowane yaro da shi. Na sha karanta wa iyaye mata wannan a bakin gado, a daren da ba ni da wani abin da zan ba su.

Idan mafarkin ya juya ya zama ranar rasuwar ce ke ta maimaituwa, kina zabura da bugun zuciya, abinci ya fita ranki, ko kina jin gara ki bi shi, to ki je Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa. Ba na masu taɓin hankali kaɗai ba ne, suna duba masu irin wannan raunin zuciyar, kuma ana samun sauƙi. Amma in dai yadda kika faɗa ne, yana zuwa yana wasa kina jin daɗin ganinsa, ki ce alhamdu lillahi. Mafarki mai daɗi ana gaya wa wanda ake so. Idan ya sake zuwa, ki jira maigidanki ya dawo daga masallaci da asuba ki ba shi labari, ki ce yau ya miƙe tsaye. Shi ma ɗansa ne, shi ya ɗauke shi a hannu zuwa maƙabarta, kuma ina zaton har yau ba wanda ya tambaye shi ko shi ma yana ganinsa.